Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙudan Zuma na Daji da Sauran Ƙwari Kusa-Kusa, da Yadda Ake Gane Su

Masu yi mini tambaya kan hoton ƙwari a nan Sakkwato kashi biyu ne. Na farko suna son sanin kyamarar da za su saya. Na biyu sukan turo hoto ne, wani baƙin abu dishi-dishi a kan fure, su ce a faɗa musu sunansa. Dukkansu abu ɗaya ya shige musu duhu: hoton da za a gane ƙwaro da shi tsarin aiki ke samar da shi, tsadar kyamara daga baya take zuwa. Ka san furen da za ka tsaya a kai, ka san sa'ar zuwa, ka san sassan jikin da dole su fito, sannan ka rubuta abin da hoton ba zai iya faɗa ba.

Na fi ba ƙudan zuma na daji ƙarfi, wato waɗanda ba sa zama a amya. Ire-iren ƙudan zuma a duniya sun haura 20,000, kuma a mafi yawansu kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta, a ƙasa ko a katangar laka ko cikin busasshen itace. Amma matakan ba sa canzawa ko rina kake bi, ko fara, ko malam-buɗe-littafi.

1. Haɗa kayan aiki

Fara da wayar da ke hannunka. Abin da za ka ƙara mata shi ne ɗan gilashin nan mai maƙali da ake ɗora wa kyamarar waya, wanda masu shagon kayan waya suka sani da makro. Wani lokaci yakan zo a haɗe da wani gilashin mai faɗaɗa hoto. Idan haka ne, warware na saman, na ƙasan shi ne naka.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada shi a shagon. Maƙala shi, ka matso da takardar naira, ka duba ƙananan rubutun jikinta. Idan tsakiya ta fito tas, gefe-gefe ya ɗan yi hazo, babu laifi. Idan har tsakiyar ba ta fito ba, ko launuka suna zuba a bakin haruffa, ajiye musu abinsu. Ka kuma lura da tazarar da yake ba ka. Masu arha sai ka matso santimita 2 zuwa 3 kafin hoto ya fito, ƙwaro mai rai kuwa da wuya ya yarda da wannan kusanci. Wanda ke aiki daga santimita 5 zuwa 10 ya fi amfani, ko da bai kai wancan zuƙowa ba.

Gargaɗi: wayoyin yanzu idanu uku ko huɗu gare su. Rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda ke aiki a ɗauka ta yau da kullum, shi za ka ɗora wa gilashin. Ƙaramin idon makro da ke zuwa da wayoyi masu matsakaicin kuɗi, mai megafiksel 2, bar shi. Gashin ƙafar ƙudan zuma ba ya fita a cikinsa.

Batun kuɗi, farashi yana bin dala, don haka gwara in ba ka ma'auni. Gilashi mai arha bai wuce kuɗin caja mai kyau ba. Mai inganci yakan ninka haka sau da yawa, kuma sau tari sai an yi odarsa daga Kano ko Legas. Babbar kyamara ta hannu, Canon ko Nikon, maganar ɗaruruwan dubban naira ce, gilashinta na makro mai milimita 90 zuwa 105 kuma yakan fi kyamarar kanta tsada. Akwai hanyoyin sauƙi biyu ga wanda ya riga ya mallaki kyamara: zobban da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashinta, ko ƙarin gilashi mai suna Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a gaban gilashin, wanda bai kai dala 100 ba. Shawarata ita ce ka shekara kana aiki da waya kafin ka sa kuɗi a waɗannan.

Sauran kayan: ƙaramar rula ta 'yan makaranta, farar takarda mai kauri, tsumma mai laushi, malafa, ruwan sha, fawa banki, da rufaffen takalmi.

2. Tausasa haske

Ranar Sakkwato ba ta da sassauci, jikin ƙwari da yawa kuma sheƙi gare shi. Idan rana ta daki baƙin ƙwaro kai tsaye, abin da za ka samu farin tabo ne a baya da baƙin duhu a ƙasa, babu abin karantawa a tsakani. Maganin shi ne a sa wani farin abu tsakanin hasken da ƙwaron.

Mai babbar kyamara ya samu farar robar abinci, irin marar kauri, ya huda ta daidai faɗin gilashinsa, ya zura ta yadda za ta tsaya a gaban filasha. Shi ke nan, ba sai ya sayi na kanti ba. Mai waya kuma ya kashe filasha gaba ɗaya, domin maƙalin gilashin yakan tare ta. Ya nemi wani ya riƙe masa farin ƙyalle marar kauri ko farar lema ta sama, ya sa farar takardar nan a ƙasa don ta mayar da haske zuwa cikin ƙwaron.

Gargaɗi: inuwar da ta gifta farat ɗaya tana korar ƙwari fiye da motsin hannu. Kafa inuwarka a kan furen tun babu kowa a kai, sannan ka jira.

3. Zaɓi fure, ka bar yawon daji

Kuskuren da ya fi cinye wa sabon shiga lokaci shi ne yawo. Ya ga ƙwaro ya bi, ya tashi ya bi wani, rana ta take bai samu komai ba. Ƙudan zuma zagaye suke yi, wadda ta bar fure yanzu za ta dawo, ko 'yar'uwarta ta zo. Aikinka kamar na masunci ne a bakin Rima: ka zaɓi wuri mai kyau, ka zauna.

Tsiron da ba ya ba da kunya a nan shi ne tumfafiya. Tana ko'ina, bayan gari da gefen titi da filin da ba a gina ba, tana fure har cikin bazara lokacin da komai ya bushe. Manyan baƙaƙen ƙudan zuma masu huda itace suna zuwa mata sosai. A jikinta za ka ga malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin baki da farin ɗigo, Danaus chrysippus, da tsutsarsa mai zane tana cin ganye, da wata ƙatuwar fara mai rawaya. Gargaɗi: farin ruwan tumfafiya yana yi wa ido mummunar illa. Kada ka karya reshe don gyara hoto, idan kuma ya taɓa hannunka kada ka kai shi fuska sai ka wanke.

Na biyu shi ne zogale, wanda yake cikin gidaje da yawa, ba sai ka fita ba.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, gona ce wurin: furen wake, riɗi, kuɓewa, sure, kabewa, da tafasar da ke gefen hanya. Tafasa da gauta da tumatir suna da wani abin kallo. Garin furensu a kulle yake cikin ƙananan bututu, sai ƙudan zuman da ya iya rungumar furen ya girgiza shi da ƙugi yake fitar da shi. Zuman amya bai iya wannan ba, don haka duk wanda ka ji yana wannan ƙara a kan tafasa na daji ne. Ka leƙa kan gero da dawa ma da sassafe lokacin da suke fidda gari, akwai ƙananan ƙudan zuma da garin ciyawa ne abincinsu.

Da rani sai a koma fadama. Lambunan Kwalkwalawa a kan hanyar jami'a, da na wajen Wamakko da Kware, suna da kankana da kabewa da albasa. Albasar da aka bari ta yi fure don iri, wajen Fabrairu zuwa Maris, babu kamarta: kai ɗaya yakan tara ƙudan zuma da rina da ƙudaje iri-iri a lokaci guda, kuma tsayinta daidai mutumin da ya tsuguna. Gawo yana fure a farkon rani, mangwaro da hunturu, dogon yaro kafin bazara ta yi ƙarfi, amma waɗannan sai ka samu reshen da ya sauko ƙasa.

Kada ka shiga lambun mutum sai da izini. Ka yi sallama, ka gaishe shi: "Baba, sannu da aiki. Hoton ƙwarin da ke bisa furen albasa nika son ɗauka, ba ni taɓa komi." Ka nuna masa hoto ɗaya a waya, yawanci daga nan shi zai riƙa nuna maka inda suka fi taruwa. Ka kuma tambaye shi, "Yaushe anka yi feshi?" Idan yau ne ko jiya, ka dawo wani makon. Ƙwarin ba su nan, wanda ya rage a buge yake, kai ma bai kamata ka sa hancinka cikin ganyen ba.

Gargaɗi: babu ƙwaron da ya kai a shiga dajin da babu tsaro dominsa, musamman ta gabashin jiha. Duk abin da na lissafa ana samunsa cikin gari da kewayensa. Kada ka ɗaga kyamara kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro, ko inda za a zaci gidan mutane kake ɗauka.

4. Daidaita lokaci

Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9 shi ne lokacin aiki. Jikin ƙwari bai gama ɗumi ba, iska ba ta taso ba, haske na da taushi, kuma furen wake da kabewa da kuɓewa a sa'ar suke buɗe, kafin azahar yawancinsu sun rufe. Da hunturu abin yakan ja baya, sai wajen ƙarfe 9 ko 10 suke fitowa da kyau. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da ƙarfe 10 ka tattara. Wayar ma za ta yi zafi ta dushe fuskarta, ko ta rufe kyamarar da kanta. Ka riƙa sa ta a inuwa tsakanin ɗauka.

Akwai wata dama da mutane ba su cika sani ba. Da yawa daga mazan ƙudan zuma na daji ba su da ramin kwana, a waje suke kwana. Wasu sukan ciji busasshen karan ciyawa su rataye a haka, wani lokaci da yawa a kara ɗaya. Bayan la'asar sakaliya ko da asuba bayan an idar da salla, ka bi gefen gona a hankali kana duban busassun kara. Wanda ka samu a haka zai bar ka ka ɗauke shi ta kowane gefe, kuma namiji ba ya harbi.

5. Saita waya ko kyamara

Goge gilashi tukuna. Da hunturu ƙura kan zauna a kai cikin mintuna, kuma ita ce ke sa hoto ya yi fari-fari. Hura ta da farko, sannan ka goge, domin goge ƙura a bushe karce gilashi yake yi. Mai babbar kyamara kada ya canza gilashi a fili cikin iska.

A waya, shiga sashen da ke ba ka damar saita komai da hannu, wanda aka fi rubuta wa Pro. Sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya daidaita kansa. Idan babu wannan sashen, danna yatsa a kan furen ka riƙe har saitin fitowar hoto, wato fokas, ya kulle, sannan ka ɗan ja hasken ƙasa. Kada ka zuƙo da yatsu biyu fiye da ninki 2, daga nan wayar zane take yi maka, ba hoto ba. Kashe duk wani abin gyaran fuska da ƙara launi. Kunna alamar wuri a cikin kyamarar, ka tabbatar agogon wayar daidai yake.

A babbar kyamara da filasha, fara daga nan: saurin ɗauka 1/200, buɗewar gilashi f/11, ISO 200, ƙarfin filasha 1/8. Ɗauki ganye ɗaya ka duba, ka ƙara ko ka rage filashar kawai. Babu filasha, to 1/800, f/8, ISO 800. Kashe saitin fokas da kyamara ke yi da kanta, ka sa na hannu.

6. Matso

A wannan kusancin, abin da ke fita tas bai wuce kaurin milimita 1 zuwa 3 ba. Saboda haka ba a murɗa gilashi ana neman saiti. Ana kulle shi ne, sai kai ka riƙa karkatowa gaba da baya a hankali har idon ƙwaron ya fito, ka danna. Ido shi ne ma'auni. Idan ido ya fito, hoton ya tsira.

Tsuguna ko ka zauna, ka dafa gwiwar hannu a cinya. Idan iska na kaɗa furen, kama karan da hannun hagu daga ƙasa, ka jingina wayar a kan wannan hannun, yadda duk inda furen ya yi wayar za ta bi shi. Fara ɗauka tun daga nesa, ka matso taku ɗaya ka sake, domin hoto na nesa ya fi babu. Jira ƙudan zuman ta tura kai cikin fure, a lokacin ba ta kula da kai. Riƙe maɓallin ya yi ta ɗauka a jere. Cikin hoto talatin ka samu biyu masu kyau, ba ka yi asara ba.

Gargaɗi kan harbi: ƙudan zuman da ke kan fure ba ta da lokacinka muddin ba ka matse ta ba. Haɗarin yana wurin gida. Zuman amya na Afirka ta Yamma, Apis mellifera adansonii, yana da zafin kare gidansa, don haka kada ka matsa wa amya ko kogon bishiyar da suke shiga da fita. Kada ka shafa turare, kuma fararen kaya sun fi baƙaƙe. Idan guda ta fara dukan kanka, gargaɗi take yi, ka bar wurin. Idan sun taso, rufe fuska ka gudu zuwa ɗaki ko mota, kada ka faɗa ruwa. Idan an harbe ka, kankare ƙarin da farce nan take. Kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye. Sheƙar rina da ke rataye a ƙarƙashin rumfa ita ma daga nesa. Hangara, wadda ke cin furen gero da wake, a ɗauke ta a bar ta, ruwan jikinta yana tayar da bororo. Ka duba ƙasa kafin ka tsuguna, saboda kunama da kububuwa.

7. Ɗauki gefe huɗu

Nan ne hoton ado da hoton ganewa suke rabuwa, kuma nan ne mafi yawan hotunan da ake turo mini suke faɗuwa. Ƙwaro ɗaya yana bukatar:

Gefe. Ya nuna ƙafar baya da ƙarƙashin ciki, wuraren da ake ɗaukar garin fure. Ka daidaita wayar da tsawon jikin, kada kai ya fi wutsiya kusa da kai.

Sama. Ya nuna zanen baya da jijiyoyin fiffike. Wannan shi ne mai wuya kuma shi ne mai daraja, domin a jijiyoyin fiffiken gaba ake raba dangi da dangi.

Fuska. Ya nuna idanu, ƙahonni, muƙamuƙi, da duk wani fari ko rawaya a goshi.

Tsiron. Ja baya ka ɗauki furen da ganyensa. Bayan ƙwaron ya tashi, ɗora rula a daidai inda ya zauna ka sake ɗauka, ka samu girmansa.

Ga malam-buɗe-littafi kana bukatar saman fiffike da ƙarƙashinsa. Ga fara, gefe ne kan gaba, da cinyar baya. Ga tsutsa, ganyen da take ci rabin sunanta ne.

Idan ƙwaron ya ƙi tsayawa, rufe shi da kwalba mai haske, ka sa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara na 'yan mintuna, da tsumma a tsakani. Zai lafa, ka ɗauke shi a kan farar takarda a inuwa, ka sake shi inda ka kama shi. Kada ka bar rufaffiyar kwalba a rana ko na minti biyu, kuma kada ka ɗora shi a kan wani fure daban don hoto ya yi kyau. Ka ba masana bayanin ƙarya ke nan.

8. Rubuta bayani kafin ka tashi

Wuri, kwanan wata, sa'a, sunan tsiro, kimanin tsayi a milimita, da abin da yake yi: shan ruwan fure, tara gari, yankan ganye, ɗaukar laka, shiga rami. Idan rubutu zai ɓata maka lokaci, naɗi murya. Tsakanin ƙwaro da ƙwaro ka ɗauki hoton tafin hannunka, don ka san inda na wannan ya ƙare idan ka koma gida.

9. Raba ƙudan zuma da rina da ƙuda

Kada ka fara da launi. Rawaya da baƙi kowa na sa su, kuma akwai ƙudaje da yawa da suka ari kamar zuma don tsuntsu ya bar su. A kan albasa za ka gan su fal.

A littafi ƙuda fiffike biyu gare shi, zuma da rina huɗu. A hoto wannan yakan ruɗar, saboda fukafukan zuma a maƙale suke da juna. Duba kai. Ƙuda ƙahonninsa gajeru ne ƙwarai, idanunsa sun kusa cinye kan gaba ɗaya. Zuma da rina ƙahonninsu dogaye ne, idanu a gefe. Tsakanin zuma da rina kuma, rina da zanzaro ƙugunsu siriri ne, gashi kaɗan, ƙafafu dogaye. Ƙudan zuma ya fi kauri da gashi. Idan ka ga an tara garin fure a ƙafa ko a ciki, magana ta ƙare: ƙudan zuma ce, kuma mace.

10. Kai shi zuwa dangi

Ka fara haddace zuman amya, domin shi ne ma'aunin sauran. Tsayinsa wajen milimita 12, yana dunƙule gari a faffaɗar ƙafar baya, kuma a hoto mai kyau za ka ga gashi a kan idanunsa.

Wanda ya ninka shi girma, baƙi, fukafukai masu duhu da sheƙi, mai ƙugi kamar zai faɗo maka, Xylocopa ne. Shi ke huda zagayayyen rami a busasshen itacen rumfa, garin itace na zuba a ƙasa. A wanda aka fi gani a nan, mace baƙa ce da rawayan gashi a gadon baya, namijin kuma duk jikinsa rawaya-rawaya ne. Mutane kan ɗauke su iri biyu, alhali miji da mata ne.

Mai kauri da fararen zobba ko shuɗi-shuɗi a ciki, mai tsayawa cak a iska gaban fure sannan ya wuce da gudu, Amegilla ne. Zai ba ka wahala, shi ya sa ake nemansa a wurin kwana. Idan ka ga baƙi mai farin tabo ko shuɗi, ba ya ɗauke da gari, yana shawagi a jikin katangar laka, Thyreus ne, mai zuba ƙwai a ramin Amegilla.

Mai babban kai da muƙamuƙi, wanda ke ɗaga ciki sama a kan fure, garin kuma a ƙarƙashin cikin yake ba a ƙafa ba, Megachile ne. Shi ke yanke gefen ganye a zagaye ya shimfiɗa a raminsa. A tsakiyar fiffikensa na gaba, ƙananan ɗakunan da jijiyoyi suka zana a jere guda biyu ne, na zuman amya da Xylocopa da Amegilla uku-uku.

Ƙanana masu milimita 5 zuwa 10 su ne masu wuya. Na kan gero da dawa da sassafe galibi Lipotriches ne. Pseudapis yana da faffaɗan murfi a gindin fiffike. Ceratina yana sheƙi, gashinsa kaɗan, sau da yawa da ɗan farin tabo a fuska, yana zama cikin busasshen kara. Galla kuwa, wadda ke damun ido da gumi a lokacin zafi, ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba, ba ta harbi, kuma ƙofar gidanta ɗan bututun kaki ne a jikin itace ko bango. Ɗauki bututun ma, yana taimakawa.

11. Manhaja da masana

Google Lens, manhajar da ke ƙoƙarin gane abu daga hotonsa, na ba da inda za a fara, ba inda za a tsaya ba. Irin waɗannan manhajoji sun koyi aikinsu ne da hotunan da akasarinsu daga Amurka da Turai suka fito. Shi ya sa sukan kira Xylocopa ɗinmu Bombus, dangin da babu shi a Afirka kudu da Sahara. Duk sunan da aka ba ka, bincika ko an taɓa samunsa a Afirka ta Yamma kafin ka karɓa.

Wadda ta fi amfani ita ce iNaturalist, kuma kyauta ce. Sa duk hotunan ƙwaro ɗaya a shigarwa ɗaya, ƙwaro biyu shigarwa biyu. Tabbatar wuri da kwanan wata sun shiga. A wurin suna, rubuta iya abin da ka tabbatar: idan ka san Megachile ne, tsaya nan, idan ƙudan zuma kawai ka sani, sa hakan. Kada ka bar wurin babu komai, domin masana da suna suke tace abin da za su duba. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda da jinsi ɗaya, wato takamaiman irin ƙwaron a cikin danginsa, shigarwar takan kai matakin da masu bincike ke amfani da ita. Gargaɗi: kada ka danna amincewa da sunan da wani ya bayar don kawai ka gode masa, sai in kai ma ka ga alamar. Idan a gidanku ka ɗauka, zaɓi ɓoye ainihin wurin.

Idan ta WhatsApp za ka tura wa wani malami, tura hoton a matsayin fayil. Turawa ta yau da kullum tana matse shi, jijiyoyin fiffike su narke, bayanin wuri da lokaci su goge. Yanke hoto da ɗan ƙara haske babu laifi, amma kada ka taɓa launi.

Mai son zurfafawa ya sauke littafin Eardley da Kuhlmann da Pauly na 2010 kan dangogin ƙudan zuma na Afirka kudu da Sahara, juzu'i na 7 a jerin Abc Taxa, kyauta ne a intanet. A ciki za ka ga cewa ƙananan nan da yawa ba a kai su ga jinsi sai an sa ƙwaron kansa a ƙarƙashin madubin bincike. Wannan aikin malaman ilimin dabbobi da na kare amfanin gona ne, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma su za su gaya maka yadda ake adana samfuri idan ana bukata. A naka ɓangaren, sa wa kowane fayil suna da wuri, kwanan wata, tsiro da dangi, ka ajiye na asali a wani wuri ban da wayar. Waɗanda ba a gane ba ka ware musu jaka ta daban, kada ka goge su.